Hoton Unguwa: A Tsaye, a Kwance ko Murabba'i?

Idan muka buɗe akwatunan iyayenmu a New Bell za mu tarar da hotunan aure, na suna da na Sallah, amma da wuya mu ga hoton unguwar kanta. Gidajen katako suna ta faɗuwa, benaye suna tashi a gurbinsu, jikokinmu kuwa ba za su san kamannin inda aka haife mu ba.

Wannan ne ya sa muka hau saman wani bene kusa da babban masallaci da wayar hannu da tsohuwar kamarar fim, muka ɗauki wuri ɗaya ta siga uku. Na tsaye, wanda hannun matasa ya saba da shi, bai yi mana komai ba: rabinsa sama ce fara fat, rabinsa rufin maƙwabci. Duwala gari ne shimfiɗaɗɗe, sai a kwance yake bayyana. Fim mai milimita 35 yana ba da hoto mai faɗin milimita 36 da tsawon 24, a nan ne jajayen kwanukan rufi suka jeru, hasumiya ta tsaya a gefe, 'yan bensikin suka cika titi. Murabba'i kuma, irin wanda marigayi Malick Sidibé na Bamako ya yi suna da shi a kamarar Rolleiflex, ya fi dacewa da lungu ɗaya, ko ƙofar gida da bishiyar mangwaro a gabanta.

Inda waya ta ba mu kunya shi ne Dutsen Kamaru. Tsawonsa ya haura mita 4,000, kuma idan ruwa ya ɗauke da yamma ana hango shi daga bakin kogin Wouri, ta bayan Bonaberi. Ido yana ganinsa ƙato, amma gilashin waya mai faɗi ya mayar da shi ɗan tudu. Da muka sa wa tsohuwar kamara dogon gilashi mai milimita 135, sai ga dutsen ya taso bisa ruwa kamar a taɓa. A watannin Disamba zuwa Fabrairu kada ma a wahala, hazo yakan rufe shi.

Sai dai kamara tana da abokin gaba a garin nan, wato laima. Tamu mun same ta da fumfuna a cikin gilashi saboda ajiya a ƙasan akwati, gyaranta ya ci kuɗi. Mai wanke fim ma yanzu sai an yi cigiya.

A kuma kiyaye: kada a nufi gidan yarin New Bell, tashar jiragen ruwa ko barikin soja da kamara, kuma a nemi izinin mai gida kafin a hau benensa, domin daga sama ana ganin tsakar gidan mutane. Hoton da ya yi kyau a kai shi a buga a takarda, a rubuta sunan titi da shekara a bayansa, don wanda aka tura ta WhatsApp an matse shi, kuma yakan tafi tare da wayar ranar da ta lalace.