Akwatin Wufa Yana Gyaruwa, Kunne Fa?

Yau ku yi mini afuwa, zan ɗan ajiye zancen littattafai in taɓo wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato wannan wufar da samarinmu ke cusawa cikin but ɗin mota.

Kwanakin baya ɗan yayata ya ɗauko ni daga Kurfi zuwa Dutsin-Ma a Golf ɗinsa. Ko gari ba mu bari ba ya murɗa kiɗa. Jama'a, madubin tsakiya rawa yake har ba ka gane abin da ke bayanka, lambar mota tana kaɗawa kamar an ɗaura gwangwani, murfin but yana ta gar-gar. Na ce ya rage. Sai ya ce, "Kawu, ai akwatin ne ya ɗan saki, gyara zan kai." Ashe karo na uku ke nan a bana. Kullum kafinta sai ya ƙara ƙusa biyu, ya shafa gam, ya karɓi kuɗinsa.

Don kada a ce tsoho ne kawai yake mita, bari in fara da gyaran. Wufa iska take turawa gaba da baya, sau 20 zuwa kamar 200 a daƙiƙa guda. Akwatin da aka harhaɗa da siririn falanki da ƙusa ba zai jure wannan ba. Ƙusa tana zarewa a hankali, gaɓa ta buɗe, iska ta riƙa tsiyaya, shi ne wannan fuf-fuf da ake ji. Gyaran gaskiya shi ne a cire lasifikar, a kankare tsohon gam, a sa sabon gam na katako, a ɗaure da sukuru, a bi kowace kusurwa ta ciki da silikon, a bari ya bushe sarai kafin a mayar da lasifika. Katakon MDF mai kaurin milimita 18 aka fi amfani da shi, kuma a gitta sanda a ciki don bango ya daina lanƙwasa. In ruwan damina ya shiga but har katakon ya kumbura, to sai dai sabo. Sannan a ɗaure akwatin da jikin mota, don ranar da aka taka birkin gaggawa kada ya zama dutse a bayan fasinja. Lambar mota a sa mata soso a baya, a ƙara ɗaure notuna. Wayar da ta taso daga batir dole ta kasance mai kauri, da fiyus kusa da batirin. Wanda ya ja siririyar waya ba fiyus, gobara yake kiwo a ƙarƙashin kujerarsa.

To ga inda nake da ja. Duk wannan gyaran na banza ne in mai motar bai gyaru ba. Abin da ya zare ƙusa daga katako, ya kwance noti daga ƙarfe, me kake zaton yana yi wa kunnenka? A can cikin kunne akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu kama da gashi, su ke karɓar sauti. In ƙara ta kashe su ba sa sake tsirowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum zai iya sauraron desibel 80 na awa 40 a mako ba tare da illa ba, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokaci biyu. Ka yi lissafin da kanka: kafin a kai desibel 100 abin ya koma 'yan mintuna a mako. Tun 2015 hukumar ta yi gargaɗin cewa matasa sama da biliyan 1 na cikin haɗarin rasa ji saboda irin wannan saurare. Mota kuwa ɗaki ne ƙarami, in aka rufe gilashi ƙarar ba ta da wurin zuwa sai kanka.

Na san amsar da za a ba ni: motata ce, kuɗina ne, kunnena ne. To iskar unguwa fa, ita ma taka ce? Sautin bes bango ba ya tare shi kamar sauran sauti, shi ya sa tsohuwa tana ƙuryar ɗaki za ta ji dum-dum a ƙirjinta. Dutsin-Ma garin karatu ne, ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, ga Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011. Ɗalibin da ke bitar jarrabawa a ɗakin haya, da mai jego, da maras lafiya, wa ya nemi izininsu? Ko a dokar ƙasa akwai ƙa'idojin hana hayaniya na 2009 a ƙarƙashin hukumar NESREA. Ka bar ma doka, direban da ba ya jin hon ɗin mai babur a hanyar Katsina, da ran wa yake wasa?

Kada kuma a ce na tsani kiɗa. Marigayi Mamman Shata, ɗan Musawa, har ya rasu a 1999 kalangu bai taɓa danne masa murya ba, shi ya sa har gobe ake haddace baitocinsa. Yaranmu kuwa tambaye su abin da mawaƙin ya faɗa, sai su ce ai bes ɗin ne da daɗi.

Da muka iso Dutsin-Ma na tambayi yaron nan ko yana jin wani abu a kunnensa da dare. Sai da na maimaita. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kawu, in na kwanta nakan ji ziii kamar kukan gyare." Shekararsa 24. Na ce masa, "Ɗana, ka kai akwatin a gyara yadda na faɗa maka, ka rage ƙarar, sannan ka je likita ya duba kunnen nan tun da sauran abin dubawa."

Allah ya shirye mu da zuriyarmu, amin.