Kada Garin Neman Gira Mu Rasa Ido

A da can, a ƙasar Daura, jan haƙori shi ne ado. Iyayenmu mata kan tauna goro su goga furen taba har bakinsu ya yi jawur, kuma ba wanda ya taɓa kiran wannan ƙazanta. Yau kuwa zamani ya juya, samari da 'yan mata, musamman mu 'yan makaranta da ƙananan ma'aikata, farin haƙori muke nema ido rufe. Duk wanda ya san Kongolam, watau bakin iyakarmu da Nijar a kan hanyar Damagaram, ya san yadda ƙananan kayan kwalliya ke shige da fice cikin jakar hannu, da rubutun Faransanci ko na wani harshen da mai sayarwa da mai saye duk ba su ji. Man farar da haƙori ya bi sahun man bilicin.

Abin da ke farar da haƙori a cikin man nan shi ne haidirojin ferokzaid. Yakan ratsa ɓawon haƙori ya saki iskar oksijin mai kaifi, ita kuma ta wargaza launin da goro da shayi da taba suka bari. Ɓawon nan shi ne mafi tauri a jikin ɗan Adam, kusan kashi 96 cikin ɗari nasa ma'adini ne, amma yana da aibi guda: in ya zaizaye ba ya sake tsirowa. Mai mai ƙarfi ko mai tsami, in ya daɗe a baki, sai ya tausasa shi, ya ƙona dasashi, mutum ya wayi gari ruwan randa ma yana sa shi runtse ido.

Saboda haka ne masana suka shiga neman abin da zai kashe kaifin oksijin ɗin, wanda suke kira antiyokzidan. Sun gwada wani gishiri da ake samu daga bitamin C, sun gwada ruwan koren shayi da na ƙwayar inabi. Inda amfaninsu ya fi fitowa fili shi ne wajen ciko. Haƙorin da aka farar ba ya riƙe ciko da kyau, gama ragowar oksijin na hana shi kamawa, shi ya sa likita kan jinkirta mako ɗaya ko biyu. In an shafa gishirin bitamin C sai jinkirin ya ragu. Wannan ci gaba ne, muna kuwa yaba masa.

To, amma a lura. Yawancin gwaje-gwajen nan an yi su ne a ɗakin bincike, kan haƙoran da aka cire, sau da yawa ma haƙoran shanu, irin waɗanda ake kaiwa kasuwar Mai'aduwa. Kana aikin man da aikin antiyokzidan kishiyoyin juna ne, ɗaya na kunna wuta, ɗaya na kashewa. In ma'auni ya kuskure, ko dai man ya rasa ƙarfi a yi asarar kuɗi, ko kuwa kariyar ta zama suna kawai. Ganin kalmar a jikin kwali ba shaida ba ce cewa an auna kome.

Turawan da suka ƙago abin ba su sake shi sakaka ba. Tun 2011 Tarayyar Turai ta yi doka cewa man da ferokzaid ɗinsa ya wuce kashi 0.1 cikin ɗari sai ta hannun likitan haƙori, ba a yarda ya haura kashi 6 ba, kuma ba a yi wa wanda bai kai shekara 18 ba. Mu nan fa? Muna da hukumar NAFDAC tun 1993, muna da jami'an kwastan a Kongolam. Muna roƙonsu su dubi waɗannan ƙananan kwalaye da idon da suke duban buhun shinkafa, a tilasta rubuta ƙarfin man a jiki da harshen da muke karantawa.

Mu kuma ɗalibai, kafin mu sayi kome, mu fara zuwa likita ya duba ko akwai rami ko ciwon dasashi, ya kankare dattin goro, wanda sau da yawa shi kaɗai ne matsalar. Masu haɗa lemon tsami da gawayi su goge baki, su sani tsamin na narkar da ɓawon, gawayin na kankare shi, kuma abin da ke ƙarƙashinsa ruwan ɗorawa ne.