Ku Daina Ce Wa Mai Kuntigi Maroƙi

A zangunanmu na arewacin Gana, daga Bawku da Binduri har Yendi da Salaga, akwai wani munafunci da muka gada muke kuma renonsa. Magidanci zai wuni a shago yana jin Ɗan Maraya Jos, yana gyaɗa kai yana cewa maganar nan gaskiya ce. Amma ranar da ɗansa ya ɗauki kuntigi, ko wani makaɗi ya aiko neman auren 'yarsa, kalma ɗaya ce amsar: maroƙi. Masu boko da masu allo kuma sun ƙara wa abin gishiri, wai adabi shi ne abin da aka rubuta da tawada, sauran duk bambaɗanci ne. Wannan magana ƙarya ce, kuma tana jawo mana asara.

Mu fara da yadda ake yin waƙar. Adamu Wayya, wanda duniya ta sani da Ɗan Maraya, an haife shi a Bukuru a 1946, iyayensa suka rasu yana jariri, Sarkin Hausawan Bukuru ya riƙe shi. A Maiduguri ya ga kuntigi, ya dawo ya haɗa nasa: gwangwanin kifi, fatar akuya, tsirkiya ɗaya. Ba 'yan amshi, ba ganga a baya da za ta rufe masa kuskure. Duk da haka a waƙoƙinsa na zaman aure shi ne mijin, shi ne matar, shi ne mai kai gulma, kowa da muryarsa da hujjarsa. Wasan kwaikwayo ne cikakke a bakin mutum ɗaya. Mamman Shata kuwa a tsakiyar fili yake gina baiti, kalangu na tafiya, ba takarda a hannu. Wanda ya ce wannan ba aikin ƙwaƙwalwa ba ne, to ya tsaya gaban jama'a ya gwada minti biyar.

Sai batun roƙon. Maroƙi mai kuɗi yake bi. To wa Ɗan Maraya ya fara yi wa waƙa? Karen mota, yaron da ke sa wa taya waigi yana kwana a ƙarƙashin lori. Nawa karen mota zai ba ka? Tasha da kasuwa da doguwar hanya su ne makarantar mawaƙin nan, daga nan ya samo mutanensa, kuma hanyar ce ta kai shi har Turai da Amurka da gwangwaninsa. Mu mutanen zango ya kamata mu fi kowa gane wannan, domin fatauci ne ya kawo kakanninmu Salaga neman goro.

A nan Salaga ɗin Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya sauka a 1892 kafin ya koma Kete-Krachi, inda ya rasu a 1934. Ya rubuta waƙa a kan talauci da wadata, ya nuna yadda ake wulaƙanta matsiyaci ko da shi ne mai gaskiya. Muna girmama shi, kuma ya cancanta. To me ya sa malami in ya faɗi halin talaka da alƙalami sai mu ce hikima, mai kuntigi in ya faɗi abu ɗaya da tsirkiya sai mu ce roƙo? Maƙwabtanmu Dagomba ba su yi wannan wauta ba. A Yendi masu lunga, 'yar'uwar kalangu, su ke riƙe da tarihin sarakunan Dagbon tun daga Na Gbewa, kuma an san matsayinsu a fada.

Ga kuma batun soja, wanda ya fi tona asirinmu. Ɗan Maraya da Shata ba su sa kaki ba. Amma da yaƙin basasar Nijeriya ya ɓarke, daga 1967 zuwa 1970, muryoyinsu aka nema domin ƙarfafa wa sojojin tarayya zuciya, kuma Ɗan Maraya ya zuba abubuwan da suka faru a fagen daga cikin waƙoƙinsa. Gwamnati ta san abin da mu muke musu: baiti ɗaya na iya tayar da mutum ya tunkari harsashi. In rana ta ɓaci mawaƙi abin nema ne, in an samu lafiya ya koma maroƙi.

Za a ce ai akwai zambo, akwai yabon azzalumi saboda kuɗi. Akwai, Shata da kansa ya yi zambon da ya ƙona mutane. Amma akwai malamin da ke sayar da laya ta ƙarya, ba mu taɓa cewa a rufe makarantar allo saboda shi ba. Kuma wannan ƙarfin na waƙa shi ne dalilin da ya sa raina ta haɗari ne. A Bawku, inda rikicin sarauta ya daɗe yana cin rayuka, yaro mai baiwar murya da dattawa suka kora da sunan maroƙi ba zai daina waƙa ba. Zai tafi wurin wanda zai biya shi, ko da zuga ake so ya yi.

Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa a 1988. Ya rasu a 1999, Ɗan Maraya ya bi shi a 2015. Su tasu ta yi kyau, an naɗi muryarsu. Makaɗan zangunanmu fa? Tsofaffi suna mutuwa da waƙoƙin biki da na fatauci a cikinsu, ga waya mai naɗar murya a aljihun kowane saurayi, amma kunyar zama kusa da maroƙi ta hana. Ku je ku zauna da su, ku naɗa, ku tambayi sunan wanda ya koya musu. In ɗanka ya zo da gwangwani da tsirkiya, ka saurari abin da zai faɗa kafin ka yanke masa hukunci.