GYAƊA BA ITA KE KAWO TUMBI BA



Kaka ta yi, daga Kiru da Bebeji har Tudun Wada da Doguwa gyaɗa ta shigo gida. Amma sai ka ga maigida mai hawan jini ko uwargida mai ciwon suga sun ƙaurace mata, wai mai gare ta, tana sa ƙiba. Ni dai ina ganin an ɗora mata laifin da ba nata ba.

Akwai matsaloli biyar da ke tafiya tare: tumbi, hawan jini, hauhawar suga, yawan kitse a jini, da ƙarancin kolestarol mai amfani. Duk wanda ya haɗa uku daga ciki, yana cikin haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Gaskiya ne kusan rabin gyaɗa mai ne. Sai dai irin man da zuciya ke so ne, ga furotin, kuma ba ta ɗaga suga kamar farar shinkafa ko burodi. Tana riƙe ciki, ka daɗe ba ka nemi abinci ba. A wani bincike da aka wallafa a 2008 daga ƙasar Sifen, an riƙa ba mutane giram 30 na 'yan uwan gyaɗa irin su almond kullum. Bayan shekara ɗaya masu waccan matsala sun ragu a cikinsu, kuma ba su ƙara ƙiba ba.

To ina matsalar take? Wajen ci ne.

1. Cikin tafin hannu ɗaya a rana ya isa. Ba a zauna hira da kwano a gaba ba.
2. A ci ta a MADADIN biskit, cincin da lemon kwalba, ba a ƙara ta a kansu ba.
3. Dafaffiya ko soyayya marar gishiri ta fi. Kunun gyaɗa kuwa, a rage masa suga.
4. Wadda ta yi fumfuna ko take ɗaci a zubar, gubarta na lalata hanta.

Sunna ma ta koya mana kada a cika ciki tam. Kuma don Allah kar wanda ya ajiye maganin da likita ya ɗora shi a kai saboda gyaɗa, ita abinci ce.

Allah Ya ƙara mana lafiya. A tura wa 'yan uwa su ma su amfana.