Ɗakin karatu: wurin shiru ne ko wurin haɗuwa?

Tun da Nijar ta sanar da ficewarta daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, OIF, a watan Maris na 2025, nauyin tsara makomar ɗakunan karatunmu ya ƙara dawowa wuyanmu. Cibiyoyin CLAC da ke wasu garuruwanmu sun fito ne daga wani shiri da aka soma a 1986, kuma sunan kansa ya haɗa abu biyu: karatu da raya al'adu. To, ɗaki guda zai iya ɗaukar mai nazari da mai wasan kwaikwayo a lokaci ɗaya?

Muhawarar ba tamu ba ce mu kaɗai. A Turai an daɗe ana sassauta dokar "a yi shiru". Babban misali shi ne ɗakin karatu na Oodi da aka buɗe a Helsinki, babban birnin Finlan, a watan Disamba na 2018. A cikinsa akwai wurin shan shayi, ɗakin kallon fim, kekunan ɗinki, ɗakunan ɗaukar sauti da wurin wasan yara. Hujjarsu ita ce, yanzu da littafi ya shigo salula, mutane ba za su zo don takarda kawai ba, sai in wurin ya zama na haɗuwa.

Wannan hujja tana da ƙarfi a wajenmu ma. Mu mutane ne da suka saba koyo da murya. A makarantar allo da ƙarfi ake biya karatu, tatsuniya kuma da baki ake yin ta. Yaron da ke haɗa baƙi sai ya ji muryarsa kafin kalma ta zauna masa. In ya shigo aka daka masa tsawa, ba zai sake dawowa ba.

Amma fa a lura: Oodi hawa uku ne. An ware wa littattafai hawa na sama, akwai kuma ɗakunan da mai son natsuwa zai shiga ya rufo ƙofa. Ba su kashe shiru ba, wuri suka ba shi. Namu kuwa galibi ɗaki ɗaya ne da ƴan bencina.

Ina da wata ɗaliba da ke shirin jarabawar BEPC. A gidansu rediyo na yi, ƙanne na kuka, ga aike ba ya ƙarewa. Ta je ɗakin karatu da littafin lissafi, ta tarar da samari sun kunna saƙonnin WhatsApp da ƙarfi suna dariya. Ta tattara ta koma gida. Ɗan mai hali yana da ɗakinsa da fanka. Ɗiyar talaka in ta rasa shirun ɗakin karatu, ina za ta same shi? Mai son hira yana da fada, yana da tashar mai shayi. Mai neman shiru ba shi da wani wurin.

Don haka, a ganina, inda ba a iya raba wuri, sai a raba lokaci. Safiyar ranakun hutu a bar wa yara: karatu da murya, tatsuniya, gasar kacici-kacici, musamman da Hausa, tunda kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ɗauke ta a matsayin harshen ƙasa. Da yamma bayan an tashi daga makaranta, da kuma watannin da ke gaban BEPC da BAC, a yi tsit, salula ta koma aljihu. Masu bita a rukuni kuma a kafa masu rumfa a tsakar gida, a shimfiɗa tabarmi, a ajiye allo.

Wannan ba ya bukatar tallafin waje. Jadawali ne a manne a ƙofa, da ma'aikacin da zai tsaya a kai. Ma'aikatun magadan gari da ƙungiyoyin iyayen yara, ku duba wannan kafin jarabawa ta ƙarato.