Gurasar Kunya

Mutumin Gaya in ana hirar asali ba ya rasa abin faɗi. Labarin da aka gada ya ce wani maƙeri mai suna Kano ne ya taso daga Gaya ya tafi gindin dutsen Dala neman tama, ya zauna can, har gari ya ci sunansa. Zuriyarsa su ne ake kira Abagayawa. To, wannan abin alfahari ne ba shakka. Amma ya kamata mai yin alfaharin ya tuna da abu guda: maƙerin nan da guduma da zuga-zugi ya tafi Dala, ba da ƙoƙon bara ba.

Malaman Yahudawa suna da wata magana mai zurfi a kan wannan al'amari. Sun tambayi kansu, suka ce, tun da yake Allah mai yalwar kyauta ne, ba ya kuwa bukatar kome daga bayinsa, me ya sa bai zuba mutane cikin ni'ima tun farko ba? Me ya sa sai da ya sauko da su duniya, gidan wahala da jarraba? Wani malaminsu, Musa Hayim Luzato, wanda aka haifa a birnin Padua na ƙasar Italiya cikin 1707, ya ba da amsa. A ganinsa alherin da mutum bai yi wa wahala ba ragagge ne, gama mai karɓarsa ba ya iya ɗaga ido ya dubi wanda ya ba shi. Irin wannan alheri suke kira da harshen Aramiya nahama dikisufa, watau gurasar kunya. Saboda haka, in ji shi, aka ba ɗan Adam zaɓi tsakanin kirki da mugunta, aka kuma ba shi kwanakin aiki, domin ladan da zai tarar gobe ya zama nasa na kansa, ya ci ba sunkuyar da kai. Wannan shi ne dalilin zaman duniya a wurinsu.

Wani zai ce, ina ruwan Musulmi da zancen Yahudawa? Ai gaskiya ba ta tsami don bakin da ta fito. Kuma Bahaushe ya riga ya san wannan tun kaka da kakanni, shi ya sa ya ce in baki ya ci ido sai ya ji kunya, ya kuma ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rasu cikin 1817, an san shi da tufka igiya don ya ci daga hannunsa. Ɗansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, shi ma an ba da labarin ya fi son abin da ya nema da kansa bisa ga na baitulmali. In waɗannan sun ƙi gurasar kunya, wane ne zai ce ya fi ƙarfin aiki?

Duk da haka masu cinta sun yi yawa a ƙasar Gaya da Ajingi, kamar yadda suka yi yawa ko'ina. Na farko shi ne ƙato mai lafiya, wanda ruwan shuka zai sauka ya same shi a ƙofar gidan mai kuɗi yana jiran a fito. In lokacin zaɓe ya zo, a ba shi mudun shinkafa da sandar sabulu, ya miƙa ƙuri'arsa. Daga ran nan bakinsa ya mutu. Ko rijiyar ƙauyensu ta ƙafe, ko rufin makaranta ya yaye, ba shi da idon da zai dubi wanda ya ba shi ya tambaya. Kowa ya ci ladan kuturu, lalle ya yi masa aski.

Na biyu shi ne mai son ladan lahira a ɓagas. Yana tauye mudu a kasuwa, yana cin iyakar gonar maraya, sa'an nan ran Juma'a ya aika wa almajirai da ƙosai da 'yan kuɗi su yi masa sauka, yana tsammani an wanke shi. Sadaka abu ce mai kyau, addu'ar wani ga wani kuwa tana da amfani. Amma ba a aiken yaro ya yi wa mutum gaskiya, ba a kuma ɗaukar ɗan ƙodago ya yi masa tuba.

Na uku shi ne mai jingina da asali ko da muƙami. Mutanen wannan yanki sun ga darasi da idonsu. Cikin 2019 gwamnatin Jihar Kano ta ɗaukaka Gaya ta zama masarauta mai daraja ta ɗaya, tare da Rano da Ƙaraye da Bichi. Cikin watan Mayu na 2024 aka soke wannan doka, cikin Yuli kuma aka mai da Gaya masarauta mai daraja ta biyu. Ba a nan za a yanke hukuncin wa ya yi daidai ba. Abin lura kaɗai shi ne, abin da alƙalami ya bayar, alƙalami yana iya karɓewa. Amma sana'ar da ke hannun maƙeri, da karatun da ke kan wanda ya zauna ajin manya da yamma har ya iya rubuta wasiƙarsa da kansa, babu majalisar da za ta zauna ta soke su.

Akwai hujja guda mai nauyi da akan kawo. Akan ce ai ba mai shiga Aljanna da aikinsa sai da rahamar Ubangiji. Gaskiya ne ƙwarai, malaman Yahudawa ma ba su musa ba. Sun ce Annabi Musa da kansa, duk da yawan aikinsa, da zai roƙi Allah bai roƙa kamar mai bin bashi ba, sai kamar mai neman kyauta. Amma a dubi damina. Ba manomin da ya taɓa sayen ɗigon ruwa guda, kyauta yake sauka a kan gonar da aka shuka da wadda aka bari saura. Ran kaka fa, wa ke ɗaure damin gero? Rahama ita ce ruwan, aiki shi ne irin. Wanda ya fake da rahama ya ƙi shuka, ƙarangiya zai girba.

Kada kuwa a juya wannan magana a kan makaho, ko gurgu, ko maraya, ko tsohuwar da ba ta da mai kula da ita. Zakka hakkinsu ce, ba kunya ga mai karɓar hakkinsa. Wanda ya kamata ya ji kunya shi ne attajirin da ya fi son ganin mutane tsugune a zaurensa kullum bisa ga ya sallame su su tsaya da ƙafarsu. Musa bn Maimun, malamin Yahudawa kuma likita, wanda aka haifa a Ƙurɗuba ta Andalus ya rasu a Masar cikin 1204, ya kasa sadaka mataki 8. Mafi ɗaukaka a cikinsu shi ne a ba mutum rance, ko a yi tarayya da shi cikin ciniki, ko a sama masa aiki, har ya daina bukatar kowa. Gwamnatin Kano ta hana bara a titi cikin 2013, ta sake hanawa cikin 2020, amma doka ba ta cika ciki. Tunkiyar kiwo, ko keken ɗinki, ko buhun taki da za a biya da kaka, su ne ke raba mutum da ƙoƙo.

Saboda haka, mai hali ya ba da abin da zai 'yanta, mai lafiya ya ɗauki fartanya, uba kuma ya haɗa wa ɗansa allo da sana'a. Kyan ɗa ya gaji ubansa. Wanda ke taƙama da maƙerin da ya tafi Dala, to, ya nuna kantar hannunsa. Allah ya ci da kowa da guminsa, ya kuma rufe shi da rahamarsa, amin.