Matasa masu sikila da tiyatar kwatangwalo

A Tsohuwar Maiduguri, kamar sauran unguwannin Jere, idan matashi ya fara ɗingishi, wajen mai ɗori ake fara kai shi. Alhali a wurin mai cutar sikila sau da yawa ba targaɗe ba ne. Jini ne ke daina isa kan ƙashin cinya, ƙashin ya mutu a hankali har ya rufta, kuma babu ɗorin da zai tayar da shi. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen cutar sikila, ana ƙiyasta jarirai kusan 150,000 ake haifa da ita duk shekara.

Idan abu ya kai nan, sai tiyatar sauya kwatangwalo da na ƙarfe. Aikin yana raba mutum da ciwo, amma fa na ƙarfen ma yana cinyewa, galibi bayan shekara 15 zuwa 25. Ke nan ɗan shekara 17 zai sake komawa ɗakin tiyata, watakila fiye da sau ɗaya, kuma aikin maimaici ya fi na farko wuya da tsada. Shi ya sa gano matsalar da wuri, ta hoton MRI, ya fi komai muhimmanci, tun ana iya ceto ƙashin.

Kuɗin aikin kuwa ya fi ƙarfin talaka, ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri ko a Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta tanadi asusun marasa galihu. Muna kira ga gwamnatin Borno da ta sa waɗannan matasa cikin masu cin gajiyarsa, iyaye kuma su kai mai ɗingishi asibiti tun ciwon bai yi nisa ba.